Martani: Kulki Ba Ya Korar Ƙanjamau

Malam, na karanta rubutunka na makon jiya a wannan shafi, inda ka kafa hujja cewa dokar hana auren jinsi ta 2014 da kamen da ake yi su ne suka tsare Nijeriya daga ƙanjamau, cewa ƙyamar masu cutar wani shinge ne da ke razana matasa, kuma tunda magani kyauta ne babu wanda zai fake da talauci. Na yarda da kai a kan abu guda: kamun kai da tsare amanar aure suna rage yaɗuwar wannan cuta, kuma duk likitan da ya san aikinsa zai faɗa maka haka. Daga nan hanyarmu ta rabu. Ban zo ba da fatawa ba, wannan fagen malamai ne. Maganar da ka ɗauko ta lafiya ce, wato ko tsoron kamu yana rage cutar ko yana ƙara ta. Wannan kuwa an auna shi, a ƙasar nan, a jikin mutanenmu.

Ka jingina da binciken NAIIS na 2018, wanda Shugaba Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019: kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar baki ɗaya. Ka ajiye wannan kusa da kashi 5.8 na shekarar 2001, ka ce mu ga aikin doka. Amma saukar ta fara tun ba a yi maganar dokar ba, domin a 2010 an riga an sauko kashi 4.1, shekara huɗu kafin Shugaba Jonathan ya sa mata hannu a watan Janairun 2014. Kuma ba da mudu ɗaya aka auna biyun ba. Alƙaluman da daga mata masu juna biyu da ke zuwa awo aka ɗauko su, na 2018 kuwa gida-gida aka bi ana ɗibar jini. Abin da ya canza da gaske a tsakanin shekarun nan shi ne magani: shirin PEPFAR na Amurka da ya fara a 2003, Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, da matakin gwamnatin Obasanjo na mayar da maganin kyauta daga 2006.

Akwai kuma alƙaluman da ba ka kawo ba, alhali su ne suka shafi mutanen da rubutunka ya dosa. Gwamnatin tarayya da kanta tana gudanar da bincike na musamman kan rukunonin da cutar ta fi kamawa. A tsakanin maza masu neman maza, an samu kashi 13.5 a 2007, kashi 17.2 a 2010, kashi 22.9 a 2014, sannan kimanin kashi 25 a binciken 2020. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A duk tsawon shekarun nan babu ranar da hukunci bai hau kansu ba. Tsohuwar dokar da Turawan mulkin mallaka suka bari ta tanadi ɗaurin shekara 14, jihohi 12 na Arewa sun ƙara da dokokin shari'a tun daga 2000, ta 2014 ta zo ta ɗora a kai. Idan kurkuku rigakafi ne, Malam, me ya sa cutar take sauka a cikin sauran jama'a amma take hawa a daidai wurin da kulki ya fi sauka?

Na san amsar da za ka ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za ka ce in dubi Arewa maso Yamma, inda binciken 2018 ya samu kashi 0.6 kacal, in kwatanta da Kudu maso Kudu mai kashi 3.1. To, dokar 2014 ta tarayya ce, yadda ta hau kan Jigawa haka ta hau kan Akwa Ibom, amma ta farko ba ta kai rabin kashi ɗaya ba, ta biyu ta haura kashi 5. Ka leƙa maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. Sun shafe shekaru da dama kundin hukunta laifukansu bai tanadi ɗauri a kan wannan al'amari tsakanin baligai ba, amma bincikensu na ƙasa na 2012 kashi 0.4 ya nuna. Yuganda kuwa, wadda ta daɗe da hukunci mai tsanani har ta ƙara tsananta shi a 2023, tana wajen kashi 5. Ƙarancin cutar a ƙasar Hausa yana da dalilansa: tarbiyyar addini, ƙarancin shan giya, kaciya, da yadda zaman iyali yake. Ka ba wa waɗannan ladansu. Kada ka ɗauki ladan ka miƙa wa ɗan sanda.

Dalilin da ya sa tsoro ke ciyar da wannan cuta yana cikin yadda maganinta yake aiki, kuma a nan nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau. Mai ƙanjamau a yau ƙwaya ɗaya yake sha a rana. Idan ya riƙe ta ba fashi, cikin 'yan watanni ƙwayar cutar da ke jininsa takan ragu har na'urar gwaji ta kasa ganinta, kuma a wannan hali ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna a 2011 cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin abokan zama da kashi 96. Wani kuma da aka yi a Turai, mai suna PARTNER2, ya bi maza kusan 800 da abokan zamansu, ɗaya na da cutar yana shan magani ɗaya ba shi da ita, aka ƙirga saduwa kusan dubu 77 ba tare da kororon roba ba, kuma ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Ma'anar wannan ita ce duk mutumin da ya shigo asibiti ya zauna a kan magani, hanyar cutar ta toshe daga kansa. Duk wanda aka kora daga ƙofar asibiti kuwa, cutar tana nan tana hayayyafa a jikinsa, tana jiran na gaba.

To me dokar ta yi wa ƙofar asibiti? An yi sa'a, ko in ce Allah ya ƙaddara, lokacin da aka sa mata hannu akwai wani bincike da ake cikin gudanarwa a Abuja mai suna TRUST, yana bin lafiyar maza 707 masu neman maza. Masu binciken sun samu damar kwatanta kafin da bayan dokar, suka buga sakamakon a mujallar Lancet HIV a 2015. Masu cewa suna tsoron neman magani sun tashi daga kashi 25 zuwa 38. Masu ƙaurace wa asibiti gaba ɗaya sun tashi daga kashi 20 zuwa 28. Cikin 'yan watanni ke nan, a babban birnin tarayya, kuma a tsakanin waɗanda dama sun yi ƙarfin halin zuwa a gan su. Ka ƙiyasta na Gusau ko na Azare da bai taɓa taka ƙofar ba.

Tsoron nasu yana da tushe. Mutane da yawa, ina jin har da kai, sun ɗauka dokar aure kawai ta hana. Sashe na 5 ya wuce nan. Bayan shekara 14 ga masu ƙulla auren, ya tanadi shekara 10 ga duk wanda ya yi rajista, ya gudanar, ko ya shiga ƙungiya ko taron irin waɗannan mutane, da kuma wanda ya tallafa wa ƙungiyar ko taron. Ka sa kanka a matsayin ma'aikacin lafiyar da aka tura ya tara samari ashirin a ɗaki ya yi musu bayanin gwaji. Wa zai tabbatar masa ba taro ne da doka ta hana ba? A makonnin da suka biyo bayan sa hannun, an ga taron jama'a sun yi wa wata kotun shari'a ruwan duwatsu a Bauchi suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, an ga matasa da sanduna suna bi gida-gida a unguwar Gishiri ta Abuja suna fito da mutane suna duka. A Yulin 2017 an kama fiye da mutum 40 a wani otal a Legas, a wurin da masu shirya taron suka ce ana gwajin ƙanjamau da ba da shawara. A 2018 an kama wasu 57 a Egbeda da ke Legas, aka jera su gaban kyamara duniya ta ga fuskokinsu, sai a Oktoban 2020 babbar kotun tarayya ta kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidu. An kori ƙara, amma wa zai mayar musu da aikin da suka rasa da gidajen hayar da aka kore su? Kuma kowane saurayi da ya ga hotunan nan a waya ya ɗauki darasi guda, cewa ya nisanci duk inda za a rubuta sunansa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Senegal, ƙasar Musulmi kamar tamu, an kama ma'aikatan wayar da kai kan ƙanjamau su tara a Disambar 2008, aka yanke musu shekara takwas, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin bayan 'yan watanni. Kafin a sake su, ƙungiyoyin da ke wannan aiki sun dakatar da shi, masu karɓar magani sun ɓuya. Wani nazari da ya haɗa ƙasashen Afirka goma da maza fiye da dubu takwas, wanda Lancet HIV ta buga a 2023, ya samu cewa inda doka ke hukunta wannan al'amari yawan cutar a tsakaninsu ya ninka kusan sau biyar idan aka kwatanta da inda ba ta hukuntawa.

Wataƙila ka ce su suka jawo wa kansu. Ni ban yarda ba, kuma zan dawo kan wannan. Amma ko da zuciyarka ta bushe a kansu, ka tuna a wace al'umma suke zaune. A ƙasar Hausa namiji ba ya kai shekara talatin da biyar ba aure ba tare da an sa shi a gaba ba. Uwa ta yi magana, kawu ya yi magana, abokai su yi ta zolaya, a ƙarshe ya yi auren, ko don ya rufe bakin mutane. Yarinyar da aka kai masa ba ta san komai ba. Idan ya ɗauko cutar bayan biki, kuma tsoro ya hana shi gwaji, ita za ta fara sani, ranar da ta je awon ciki, in ta je. Kuma ita za a zarga. Na ji daɗin dokar gwajin kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024, kamar yadda Hisbah ta daɗe tana gwada masu shiga auren zawarawa. Sai dai gwajin rana ɗaya ne, aure kuwa shekaru ne. Kuma wanda ya kamu cikin makonnin da suka gabaci gwajin zai iya fitowa da takarda mai kyau alhali cutar na jikinsa. Uwar da ba ta shan magani, cikin jarirai ɗari da irinta za su haifa, 15 zuwa 45 za su ɗauka a ciki, ko wajen haihuwa, ko a nono. Da magani adadin ba ya kai biyar. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan jariran da ake haifa da ƙanjamau a duniya. Wane laifi jaririn nan ya yi?

Su kansu mazan, Malam, 'ya'yan wasu ne. Akwai tela a cikinsu, akwai ɗan kasuwa, akwai ɗalibi, akwai wanda kuke haɗa sahu da shi. Ransu rai ne, kuma ciwonsu ciwo ne ko da ba su da matar da za su sa wa. Likita ba ya tambayar wanda aka kawo da karaya ko a hanyar masallaci ya faɗi ko a hanyar mashaya, ɗori yake yi. Addinin da muke bi ya hana bin diddigin asirin mutane, Suratul Hujurat ta faɗe shi ƙarara. Ya tsananta sharuɗɗan shaida a kan laifin alfasha har ya sa bulala ga mai ƙazafi, ya kuma kwaɗaitar da suturta Musulmi. Ƙwace wayar saurayi a shingen bincike ana karanta saƙonninsa don a tatsi kuɗi, ko jera mutane gaban kyamara kafin alƙali ya gan su, ban san a wane babi na fiƙihu ka samo su ba.

Batun ƙyama kuwa, wadda ka kira shinge, na gan ta da idona. Na taɓa raka wata 'yar'uwa karɓar magani a wani asibiti. A bencin jira mata sun fi yawa, kusan kowacce ta ja mayafi har hanci, babu mai gaisawa da wata. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ɗaga murya ta ce masu karɓar maganin nan su koma ƙofar baya, sai na ga kawuna sun sunkuya gaba ɗaya. Matar da ke kusa da mu, da ta karɓi nata, ta zauna a gindin bishiya tana kankare takardar jikin robar da farce. Da ta ga ba ta fita duka, sai ta juye ƙwayoyin a ƙullin leda ta cusa a lalitarta, ta jefar da robar a kwata. Ta ce mana daga wata ƙaramar hukuma mai nisa take zuwa, alhali akwai asibitin da ke bayarwa a garinsu, don ƙanwar kishiyarta tana aiki a can. Mijinta ya rasu, ita ta yi jinyarsa, kuma har yau danginsa cewa suke sammu ne. Wannan baiwar Allah wa ƙyama ta tsare a kanta? Abin da ƙyamar ta yi shi ne ta ninka mata kuɗin mota, ta sa tana shan magani a ɓoye a banɗaki, ranar da baƙi suka cika gida kuma ta tsallake. Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu ƙanjamau bambanci a wurin aiki da makaranta da asibiti. Shekara ɗaya aka yi ta da wadda kake yabo, amma ban ga ka ambace ta ba, kuma ban ga ana kame a kanta ba.

Wannan ya kawo mu ga talauci. Ƙwayar kyauta ce, gaskiya ne. Motar zuwa ba kyauta ba ce. Litar man fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura naira dubu a 2024, kuɗin mota ya bi ta. Kati, wasu gwaje-gwajen jini, maganin cututtukan da kan biyo baya, duk aljihu ne. Ɗan ga-ruwa ko mai faskare da ya kwashe yini a layin asibiti, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Mai jin yunwa kuma yakan ajiye maganin ya ce sai ya samu abin da zai sa a ciki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 16 ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti. Matar da ba ta zo ba, ta ina za a gwada ta a kare jaririnta? Talaucin nan ne kuma yake tura bazawarar da aka saka da 'ya'ya huɗu, da yarinya mai talla a tasha, da yaron da aka kora daga gida don an ji labarinsa, zuwa hannun mai kuɗin da zai ce ba ya son kororon roba. Wanda ke neman na abincin dare ba shi da bakin yin ciniki. Mai hali idan ya kamu, likitan kuɗi zai gani a asirce, idan an kama shi ya yi beli kafin magariba. Doka da ƙyama a kan talaka suke sauka da dukkan nauyinsu.

Ka yi dogon bayani kan cewa ƙungiyoyin waje suna fakewa da lafiya su shigo da manufarsu. Ban raina wannan zargi ba. Mutanen da suka ga abin da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 suna da hujjar yin taka-tsantsan, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma mun kuma ga kuɗin da muka biya lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a 2003, cutar ta dawo ta gurgunta yaranmu ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yanzu ma ga shi masu ba da tallafin sun fara janyewa da kansu. A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da agajin ƙasashen waje, aka rushe hukumar agajin Amurka ta USAID, kuma da aka sassauta sai aka taƙaita maganin rigakafin kamuwa ga mata masu ciki da masu shayarwa. Wuraren da mazan nan ke zuwa a asirce suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Idan ba ka son baƙo ya yi mana wannan aiki, to alƙalaminka ya koma kan gwamnoni da 'yan majalisa su sa kuɗinsa a kasafi, su riƙe ma'aikatan da aka sallama.

Abin da nake nema a fili yake. Majalisar tarayya ta soke sassan dokar 2014 da suka mayar da taro da tallafi laifi, domin su ne suka sa ma'aikacin lafiya da majinyacinsa cikin fargaba, kuma ni a ganina ɗauri bai taɓa warkar da kowa daga komai ba. Kafin a kai ga haka, sufeton 'yan sanda da shugabannin Hisbah su ba da umarni a rubuce cewa ba a kame a wurin gwaji ko karɓar magani, kuma samun kororon roba ko ƙwayar magani a aljihun mutum ba shaidar laifi ba ce. A hukunta ma'aikacin da ya tona asirin majinyaci. Hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, wato NACA, da takwarorinta na jihohi su faɗaɗa ba da maganin wata uku zuwa shida a zuwa ɗaya, a kai shi kusa da mutane, a raba kayan gwajin da mutum zai yi wa kansa a ɗaki. Limamanmu kuma, waɗanda muryarsu ta fi ta kowane likita isa, su faɗa a kan mumbari cewa gwaji ba abin kunya ba ne, kuma mai ƙanjamau ana cin abinci da shi, ana aurensa, ana binsa salla.

Kai kuma Malam, kana da masu karatu da yawa, kuma a cikinsu akwai wanda ya daɗe yana jin sauyi a jikinsa yana tsoron zuwa a duba shi. Rubutunka na makon jiya ya ƙara masa dalilin zama a gida. Ina roƙonka don Allah, a na gaba ka ce masa ya tashi ya je.